Yadda Gebisa Ejeta Ya Auna Kiran Saiwar Dawa

Duk wanda ya taɓa noma dawa ko gero a gonar da ta gaji ya san wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Ya kuma san cewa ranar da furenta ya bayyana a gindin kara, aikin gama ya riga ya gama. Tun makonni kafin nan dawar ta tsumbure, ganyenta ya ɗashe, alhali kuwa ruwa na sauka yadda ya kamata. A ƙarƙashin ƙasa aka yi ɓarnar, inda fartanya ba ta kaiwa. Ƙwayar irin wannan ciyawa ba ta kai rabin milimita ba, in ta zube ba mai iya tsince ta. Tushe guda yana zubar da dubun-dubatarta, kuma tana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 ba ta tsira ba, ba ta mutu ba, tana jira.

Abin da take jira, da yadda za a hana ta samunsa, shi ne aikin da Farfesa Gebisa Ejeta ya ba shekaru masu yawa na rayuwarsa.

An haife shi a 1950 a ƙauyen Wollonkomi, a yammacin tsakiyar ƙasar Habasha, cikin bukka mai ɗaki ɗaya. Mahaifiyarsa ce ta dage sai ya yi karatu. Makarantar tana da nisan kilomita 20, saboda haka yakan taka da ƙafa ranar Lahadi da yamma, ya kwana can har Juma'a, sannan ya sake takowa gida. Daga nan ya shiga makarantar koyon aikin gona ta Jimma, ya wuce Kwalejin Alemaya, wadda yau ake kira Jami'ar Haramaya, ya sami digirin farko a ilimin tsirrai a 1973. Wani masanin dawa, John Axtell, shi ya ja shi zuwa Jami'ar Purdue da ke jihar Indiana a Amurka, inda ya yi digiri na biyu a 1976, ya kammala na uku a 1978 a fannin kyautata iri da ilimin gadon halitta. Da takardar a hannunsa, sai ya karɓi aiki da cibiyar ICRISAT mai binciken amfanin gona na ƙasashe masu ƙarancin ruwa, aka tura shi Sudan a 1979. Ya zauna a Wad Madani, a yankin Jazira, inda Hausawa mazauna Sudan suka daɗe suna cin abinci da noma.

A can ya sa gaba a kan iri mai aure, kuma sai mutum ya san yadda furen dawa yake kafin ya gane wahalar abin. Dawa tana aurar kanta. Kowane ɗan fure a jikin zangarniya yana ɗauke da namiji da mace: 'yan jakunkuna uku masu fitar da bununi, wato garin nan da ke manne wa rigar wanda ya ratsa gona da sassafe, da wasu 'yan gashi biyu masu kama shi. Furen yana fara buɗewa daga saman zangarniya, ya riƙa gangarowa har ya kai ƙasa cikin kamar mako guda. Wanda ke son aurar da iri biyu dole ya riga furen. Zai zaɓi zangarniyar da ke gab da buɗewa, ya rage rassanta da almakashi har sai 'yan furanni kaɗan sun rage. Sannan ya sa ɗan hantsaki mai tsini ya buɗe kowane fure, ya zare jakunkunan nan uku ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya fasa su ba, ba tare da ya ƙuje macen ba. In ya manta da ɗaya, furen zai auri kansa, kuma ba za a gane ba sai baɗi, bayan an ɓata damina guda. Da ya gama sai ya rufe zangarniyar da jakar takarda, ya ɗaure bakin, ya rubuta kwanan wata da sunan uwa da fensir, domin tawadar biro ba ta jure rana da ruwa. Bayan kwana ɗaya ko biyu, da safe, in raɓa ta ɗaga, sai ya je wurin uban ya karkaɗe bununinsa cikin wata jaka, ya yi sauri ya kife ta a kan uwar ya girgiza. Saurin wajibi ne, don bununin dawa ba ya daɗewa da rai.

Da hannu kam ba za a cika buhu ba. Abin da ya sa ake iya samar da iri mai aure da yawa shi ne wata dawa da aka gano a Amurka a shekarun 1950, wadda bununinta ba shi da rai, ba ta iya aurar kanta. Ita ake mayarwa uwa. Ana shuka layukanta, a tsakaninsu a sa layukan uba, iska ta yi sauran aikin. Amma sai an daidaita ranar shuka yadda uwa da uba za su yi fure tare, sai gonar ta yi nesa da sauran gonakin dawa don kada baƙon bununi ya shigo, sai kuma an bi layi-layi ana tuge duk karan da ya fita daban. Daga layukan uwa kaɗai ake girbe irin. 'Ya'yan wannan aure sukan fi iyayensu ƙarfi da yabanya, sai dai ƙarfin na zuriyar farko ne, shi ya sa manomi ke sayen sabo kowace shekara.

Wane uba za a ba wace uwa? A nan ake gane mai ido. Abin da ake nema shi ne jure fari, kuma fari iri biyu ne a wurin dawa. Akwai wanda ke kama ta kafin ta yi fure: ganye ya nannaɗe, bakinsa ya ƙone, fitar kai ta yi jinkiri, zangarniya ta fito ƙarama. Akwai kuma wanda ke zuwa bayan fure, lokacin da tsaba ke cika: ganye ya riƙa mutuwa daga ƙasa zuwa sama, kara ya yi rauni, ruɓa ta shige shi, ya kwanta, tsabar ta motse. Dawar da ta jure na farko ba lallai ta jure na biyu ba. Saboda haka masu wannan aiki sukan shuka iri a wurin da ruwa ke hannunsu, su yanke shi a daidai matakin da suke son gwadawa. Da tsakar rana, lokacin da kowa ke neman inuwa, su suke shiga gona da allon rubutu, domin a lokacin ne ganye ke nuna halinsa. Suna ba kowane layi maki gwargwadon nannaɗewarsa, su dawo washegari da safe su ga wanda ya warware. In an kusa girbi su ƙirga ganyen da ya rage kore a kowane kara. Daga ƙarshe sikeli ke yanke hukunci, don akwai dawar da ke tsimin ruwa ta hanyar rufe ƙofofin numfashin ganyenta da wuri, ta rayu lafiya, amma ta tashi ba tsabar kirki. Mai gaggawa zai iya shuka iri ɗari a damina ɗaya mai albarka, ya zaɓi wanda ya fi kyan gani, ya rubuta rahoto. Irin da aka zaɓa ta haka shekarar fari ta farko ke tona masa asiri, kuma a gonar talaka ake tonawar.

A 1983 aka fitar da Hageen Dura-1 a Sudan, dawa mai aure ta farko da aka yi domin manoman Afirka, mai jure fari, wadda a gwaji ta fi irin gargajiya yawan amfani da kashi 50 zuwa 100 cikin ɗari. Ejeta bai bar ta a kan kanta ba. Ya shiga koya wa manoma yadda ake ninka irin, ya ƙarfafa masu sana'ar sayar da shi, don ya san iri mai aure ba ya yaɗuwa in babu masu samar da shi kowace shekara. Ya koma Purdue a matsayin malami a 1984, kuma daga can, tare da masu bincike na cibiyar INRAN ta Jamhuriyar Nijar, aka samar da NAD-1, wadda aka fitar a 1992 domin ƙasar Nijar. Cikin shekarun 1990 shi da ɗalibansa suka gano wuraren da halin jure fari na kafin fure da na bayan fure ke zaune a cikin ƙwayoyin gadon dawa.

Amma aikinsa da ya fi burge ni shi ne na wuta-wuta, wanda ya yi tare da abokin aikinsa Larry Butler, masanin sinadaran jikin halitta.

Kafin su, babbar hanyar neman dawa mai jure wuta-wuta ita ce a shuka iri a gonar da ta kamu a jira a gani. Matsalar ita ce gona ba ta faɗin gaskiya kullum. Wani gefe irin ciyawar ya yi yawa, wani gefe babu. Bana ta fito da ƙarfi, baɗi ta lafa saboda yanayin ruwa. Dawar da ta tsira bana wataƙila sa'a ta yi. Ejeta da Butler sai suka rarraba rayuwar ciyawar mataki-mataki, suka tambayi abin da take buƙata daga dawa a kowane mataki. Da farko ƙwayar tana buƙatar kwanaki cikin danshi da ɗumi kafin ta farka. Ko ta farka ba za ta tsira ba sai ta ji wani sinadari da saiwar dawa ke fitarwa, wanda yake shaida mata cewa abinci na kusa. Dalilin wannan taka-tsantsan a fili yake: guzurin da ke cikin ƙwayar bai wuce na 'yan kwanaki ba, saiwarta kuma 'yan milimita kaɗan take iya miƙawa. In ta tsira ba ta sami abin kamawa ba, ta mutu. In ta kai ga saiwar dawa, sai wani sinadari na biyu ya sa bakin saiwarta ya kumbura ya zama abin tsotso, ya huda, ya haɗe da jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa. Daga nan sai ta yi makonni a ɓoye tana sha kafin ta leƙo sama.

Tunda kowane mataki yana jiran alama daga dawa, kowane mataki ƙofa ce da za a iya rufewa. Sai dai kafin a rufe, dole a iya aunawa. Wannan ya kai su ga gwajin faranti da suka wallafa a 1992 tare da Dale Hess, gwajin da sauƙinsa ke ba ni mamaki duk lokacin da na bi matakansa.

Ana fara da wanke irin wuta-wuta da ruwan bilic mai rauni don a kashe fumfuna da ƙwayoyin cuta da ke jikinsa, a ɗauraye shi sau da yawa da ruwa mai tsabta. Aiki ne na haƙuri, don ƙwayoyin suna manne wa komai, kuma a Amurka doka ta tsananta a kansu tun da aka ga ciyawar a gonakin Karolina a shekarun 1950. A killataccen ɗaki ake aikin, ba a barin ko ɗaya ta fita. Sai a ajiye irin cikin danshi, a duhu, a ɗumin da ya kusa digiri 30, na kamar mako biyu. Wannan shi ne kwaikwayon farkon damina. A gefe guda kuma an jiƙa irin dawar da za a gwada har ya fitar da 'yar saiwa.

Ranar gwaji sai a ɗiga irin wuta-wuta cikin faranti mai murfi wanda ake gani ta cikinsa, faɗinsa bai fi tafin hannu ba. A zuba masa aga, wani abu da ake samu daga ciyawar teku, wanda in an dafa shi ya huce yake kamawa kamar kamun da aka dama aka bari, sai dai shi garau yake. Zafinsa abin lura ne: in ya yi yawa ya kashe ƙwayoyin, in ya huce da yawa ya daskare kafin su bazu. Ana juya farantin a hankali don su watsu ko'ina daidai. Kafin ya gama kamawa sai a dasa ƙwayar dawa ɗaya a gefe, a juya bakin saiwarta ya fuskanci tsakiya. A rufe, a mayar duhu.

Bayan kamar kwana 3 sai a kife farantin a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a duba ta gindinsa. Saiwar dawa ta miƙe ta ratsa agan, sinadarin da take fitarwa kuma ya bazu gefe da gefe. Duk ƙwayar wuta-wutar da ya isa gare ta ta fitar da ɗan farin zare. Mai binciken zai nemo wadda ta fi nisa da saiwar cikin waɗanda suka tsira, ya ɗora rula ya auna. In nisan ya wuce milimita 10, wannan dawa mai ƙarfin kira ce, za ta tashi wuta-wuta daga nesa. In bai kai ba, mai raunin kira ce. Akwai kuma wani mataki da mai son gamawa da wuri zai iya tsallakewa, amma mai tsoron yaudarar kansa ba ya bari: a fesa wa farantin wani sinadari na haɗi da ake kira GR24, wanda ke tayar da duk ƙwayar da ke da rai. In suka tsira bayan fesawar, to lafiyarsu ƙalau, dawar ce ba ta kira su ba. In ba su tsira ba, irin ne matacce, sakamakon ya tashi a banza, a sake daga farko.

Abin da a da ke cin damina guda, kuma a ƙarshe a fito da shakka, yanzu ya koma aikin 'yan kwanaki, kuma mutum ɗaya zai iya jera faranti ɗaruruwa a kan tebur. Da wannan gwaji suka tabbatar da cewa wata dawa mai suna SRN39 raunin kiranta ne ke kare ta. Da suka aurar da ita da mai ƙarfin kira, 'ya'yan farko duk suka fito masu ƙarfin kira. A jikoki ne halin ya sake ɓullowa, kusan ɗaya cikin huɗu. Mai ilimin gado in ya ga wannan lissafi ya san ma'anarsa: ƙwayar gado ɗaya ce ke riƙe da halin, kuma sai an gaje ta daga uwa da uba duka take bayyana. Wannan labari ne mai daɗi ga mai kyautata iri, don hali mai tushe ɗaya ya fi sauƙin ɗauka a kai cikin dawar da manoma suka riga suka so saboda tsabarta da tuwonta.

Faranti bai kore gona ba. Duk layin da ya ci gwajin ɗaki sai an kai shi filin da aka zuba wa irin wuta-wuta da gangan, an gauraya shi da yashi don ya rarrabu daidai a kowane rami. A nan ake durƙusawa ana ƙirga kowane tsiron ciyawar da ya fito a kowane layi, a maimaita bayan 'yan makonni, a wurare daban-daban, shekara bayan shekara. A 1994 aka samar da tan 8 na irin da ya tsallake waɗannan gwaje-gwaje, aka rarraba shi ga ƙasashen Afirka, ciki har da Nijar, Ghana, Mali, Senegal da Sudan. A Habasha an fitar da wasu da sunayen Gobiye, Abshir da Birhan. A can, a farkon shekarun 2000, Ejeta ya dage cewa iri shi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa shi da taki da kuma ɗaurin kunya, wato a riƙa datse kwarin kunya da 'yar ƙasa bayan kowane taku biyu ko uku, don ruwan sama ya tsaya ya nutse a maimakon ya gudu. Wannan aiki ne ya kai shi ga Kyautar Abinci ta Duniya a 2009, sannan a 2023 shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya rataya masa lambar yabo ta ƙasa a fannin kimiyya.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya sa dawa ke kiran abin da zai kashe ta? Amsar ta fito daga binciken wasu masana a 2005. Sinadarin nan, wanda ake kiran danginsa sitirigolakton, ba don wuta-wuta aka yi shi ba. Tsiro yana fitar da shi ne don ya jawo wata fumfuna mai amfani da ke zaune a ƙasa, wadda ke shiga saiwa ta taimaka mata wajen tsotso fosforas. In ƙasa ta rasa fosforas sai dawa ta ƙara yawan abin da take fitarwa, wuta-wuta kuma ta ji ta amsa. Abin da manomanmu suka daɗe suna faɗa, cewa ƙuduji ciyawar gajiyayyar gona ce kuma taki na rage ta, ga dalilinsa a fili. Haka nan dabarar juya shuka: auduga, gyaɗa da waken soya suna fitar da irin wannan sinadari, ƙwayar wuta-wutar dawa ta tsira, ta rasa inda za ta kama, ta mutu. Hasali ma daga saiwar auduga aka fara tace sinadari na farko a wannan dangi, a 1966.

Wannan ya sa ba za a so dawa ta yi shiru gaba ɗaya ba, domin za ta rasa abokiyar zamanta, kuma sinadarin yana da hannu wajen daidaita yawan rassan da tsiro ke yi. A 2017, shekara 25 bayan gwajin faranti, ɗakin binciken Ejeta tare da abokan aiki a ƙasar Holan suka gano ainihin ƙwayar gadon, suka kira ta LGS1. Abin da suka tarar shi ne SRN39 ba ta daina fitar da sinadari ba. Nau'insa ta canza. Dawar da aka saba da ita tana fitar da wanda wuta-wuta ke ji sosai, ita kuwa tana fitar da wani ɗan'uwansa mai suna orobankol, wanda ciyawar ba ta cika amsa masa ba.

Sanin wurin da ƙwayar gadon take ya sake rage tsawon aikin. Yanzu mai kyautata iri zai iya yankar ɗan guntun ganye daga dashen da bai wuce mako biyu ba, a duba DNA ɗinsa, a san ko ya gaji halin daga ɓangarorin biyu, a zubar da ukun da ba su gada ba, a riƙe na huɗun. Hakan yana da muhimmanci saboda raunin kira shi kaɗai ba ya tsare gona ɗari bisa ɗari. Wuta-wutar da ke damun Afirka ta Yamma ba ta aurar kanta, dole sai da wata, don haka zuriyarta iri-iri ce, kuma a cikin dubban ƙwayoyi ba a rasa mai jin kira ko da ya yi rauni. Shi ya sa ake neman sauran ƙofofin. An sami dawar daji da ba ta ba ciyawar alamar da ke sa ta yin abin tsotso. An sami wadda da zarar an huda ta sai naman saiwarta da ke kewaye da hudar ya mutu, ciyawar ta rasa hanyar shiga. Akwai kuma wadda ke barin a kama ta, amma ciyawar ta tsumbure a jikinta ta kasa girma. Kowanne daga cikin waɗannan halaye yana da gwajinsa na daban, kuma tara biyu ko uku a cikin dawa ɗaya, wadda kuma za ta jure fari ta yi tuwo mai kyau, yana cin zuriya da yawa na aure da zaɓe, kowace zuriya da jakunkunan takardarta da fensirinta.